Sau Huɗu Yana Neman Gurbin Mandela Washington: Nazarin Lamarin Wani Sakataren Ƙungiyar Matasa

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin firamare ne a wani gari da ke gefen Kogin Haɗeja, a Jihar Jigawa. Takardar NCE gare shi, kuma yana da shekara 26 lokacin da ya fara nema a 2018. Shi ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarsu, irin ƙungiyoyin taimakon kai da kai da ba a rasa su a kowane gari. Mambobinta sun ɗan haura 40. Suna zama duk Juma'a bayan la'asar a zauren mai unguwa, kowa ya ajiye naira 100 ta mako. Aikinsu wanda aka saba gani ne. Kafin ruwa ya sauka su yashe magudanai, su nome ciyawar maƙabarta, su cika buhuna da ƙasa su ɗaga jinga a inda kogi ya saba ɓallewa. In an kai mai naƙuda asibiti ana neman jini, su ake kira. Suna da rajistar ƙaramar hukuma da hatimi, amma ban da littafin kuɗin mako ba sa rubuta komai.

Abin da ya sa a gaba shi ne gurbi a shirin Mandela Washington. Shirin reshe ne na YALI, tsarin horar da matasan shugabannin Afirka da Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar a 2010. An fara tafiyar a 2014 da mutum 500, aka kai 1,000 a 2016 da 2017, daga 2018 zuwa 2024 kuma aka tsaya a kan 700 a kowace tafiya, kuma wannan adadi na ƙasashen Afirka kudu da Sahara ne baki ɗaya. A shekarun da malamin ya nema, ga yadda tsarin yake. Wanda aka ɗauka yakan yi mako 6 a wata jami'ar Amurka, a fannin kasuwanci, ko hidimar al'umma, ko tafiyar da aikin gwamnati. A lokacin, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke ɗaukar nauyin jirgi da biza da masauki, wata ƙungiya mai suna IREX kuma ke gudanarwa. Ba a biyan ko kwabo wajen nema. Ana son mai shekara 25 zuwa 35, wanda ya iya Turanci a baki da a rubuce, mai tarihin jagoranci da hidimar jama'a, mai niyyar komawa gida. Mutum ya cike fom a intanet, masu karantawa su tace, ofishin jakadancin Amurka ya kira waɗanda suka tsallake zuwa intabiyu a farkon shekara, sakamako ya fito wajajen Maris.

Matsalar ita ce, a garinsu babu mai musun cewa malamin yana aiki tuƙuru, amma sau uku yana nema ana mayar da shi.

Satumba zuwa Oktoba 2018: nema na farko

A Facebook ya ga sanarwar, saura kwana 10 a rufe. Da ya kawo maganar gaban taro, shugaban ƙungiya ya ce ai abin na shugabanni ne, don haka shi ya kamata ya nema, sakatare ya taimaka masa da rubutu. Aka yi ta ja-in-ja har mai unguwa ya raba gardama da cewa kowa ya nemi rabonsa. Suka tafi shagon kwamfuta tare, suka zauna a benci ɗaya, amsoshinsu suka fito kusan iri ɗaya.

Fom ɗin yana da tambayoyi da ake amsawa da gajeren rubutu, kowace da iyakar kalmominta. Inda aka tambayi abin da ya cim ma, malamin ya jero muƙamai 9: sakataren ƙungiya, tsohon mataimakin shugaban ɗaliban garinsu a kwaleji, mamban kwamitin masallaci, mai ba ƙungiyar ƙwallo shawara, da sauransu. Ragowar wurin ya cusa duk ayyukan ƙungiya a ciki, magudanai da maƙabarta da jini da jinga, babu shekara, babu adadi. Daga farko har ƙarshe "mun yi" ne, "mun taimaka" ne. Inda aka tambayi abin da zai yi in ya dawo, ya ce zai wayar da kan matasa.

Ba a kira ko ɗayansu intabiyu ba. A taron da ya biyo bayan zuwan imel ɗin, ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce sai mai hanya. Wasu suka ce ai ba shi da lambobin yabo ne, waɗanda ake ɗauka kuwa hotunansu cike suke da su. Malamin ya bi ra'ayi na biyu.

2019: lambobin yabo, gayyata, da marubucin haya

Duk wanda ya ɗan yi suna a gari ya san yadda abin yake zuwa. Wasu samari su iso da wasiƙa mai tambari, su ce ƙungiyarsu ta zaɓe ka domin karramawa, sai dai akwai 'yar gudummawar shirya taro. Tsakanin Fabrairu da Yuli 2019 malamin ya karɓi irin wannan karramawa sau 3. Ɗaya ta naɗa shi garkuwan matasa, ɗaya jakadan zaman lafiya. Jimillar abin da ya bayar naira 45,000, ya dawo gida da alluna uku na gilashi da hotuna. Ya kuma shiga halartar kowace bita da aka ce za a ba da satifiket, ko ta mece ce, har ya tara 14 a cikin fayil.

A watan Mayu wani imel ya shigo yana gayyatarsa taron shugabannin matasa na duniya a wata ƙasar waje. Wasiƙar ta ce an zaɓe shi, jirgi da otal kyauta, kuɗin rajista kawai zai biya cikin kwana 5. Bai tuna ya taɓa neman taron ba, amma ya ɗauka lambobin yabon ne suka fara aiki. Ya kwashi adashinsa ya tura naira 85,000. Bayan mako biyu aka sake neman wasu kuɗin na inshora. Da ya nemi a haɗa shi da wanda ya taɓa halartar taron, sai aka daina amsa masa.

Da aka buɗe nema a Satumba 2019, ya biya wani mai rubuta wa mutane takardu a babban birnin jiha naira 10,000. Rubutun ya fito da Turanci mai nauyi, cike da maganar muradun ci gaba mai ɗorewa da kawo sauyi a nahiya, kuma an ambaci allunan gilashin duka uku. Sunan kogin da yake cinye musu gonaki bai fito ko sau ɗaya ba. Daga baya ya gano cewa mutumin ya sayar wa wasu mutum biyu sakin layin farko kalma da kalma, alhali ƙa'idar shirin ta ce dole rubutu ya zama na mai nema. Wannan karon ma ba a kira shi ba. Shugaban ƙungiya, shi tun a nan ya haƙura.

2020: shekarar da ba a yi nema ba

Annobar korona ta sa aka ɗage tafiyar 2020. Waɗanda aka riga aka zaɓa sun yi nasu shirin ta intanet a 2021, saboda haka ba a buɗe sabon nema a 2020 ba. Malamin bai cike fom ɗin kowa ba a shekarar.

An rufe makarantu tun Maris. A ƙarshen damina kuma ruwa ya ci gari. Masu zama a wannan yanki sun san dalili: kogin Kano da na Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa ke kansu, su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ga kuma kacala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa, in ya zo da yawa sai ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. Waɗanda gidajensu suka rushe aka zuba su a azuzuwan firamaren da yake koyarwa. Da aka koma karatu a Oktoba, rajistar aji 4 zuwa 6 tana da suna 212, amma bayan mako biyu yara 118 kaɗai suke zuwa.

Hedimasta ya ce a jira, za su dawo. Malamin ya sayi babban littafi mai bangon kwali, ya kwafe sunayen yara 94 da ba a gani ba, ya kai gaban taron Juma'a. Ya raba sunayen unguwa-unguwa, mutum bibbiyu, ya ce kowa ya je gidan yaron ya dawo masa da amsa ɗaya: me ya hana shi zuwa? Ba don wani nema ya yi wannan ba. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne ya ce ba zai saurari ƙorafi ba sai da sunaye.

Na ga littafin. Kowane shafi an ja masa layi da biro da rula: suna, aji, unguwa, sunan uba, wanda ya je gidan, ranar da ya je, dalili, ranar da yaro ya dawo. Shafukan farko sun yi kumburi saboda laima, akwai wurin da tawada ta narke aka sake bi da jan biro. A gefen wani suna an rubuta "ya tafi su da kawunsa, sai ruwa ya janye". A gefen wani, "uwar ta ce ba takalmi, kunya take ji". Da aka haɗa lissafi, yara 37 sun koma wurin dangi a kan tudu, 29 suna gona ko su ko talla, 16 ruwa ya tafi da kayan makarantarsu, sauran 12 dalilai daban-daban, cikinsu har da 'yan mata 5 da aka sa wa ranar aure.

Lissafin ya nuna musu cewa ba matsala ɗaya ba ce, kuma kowace da maganinta. Malamin ya roƙi hedimasta ya ɗage dokar yunifom har ƙarshen zango, ya yarda. Ƙungiya ta sayi littattafan rubutu da kuɗin mako na wata biyu. Domin yaran da ke kan tudu, mambobi 4 masu takardar sakandare suka buɗe darasi a zauren wani dattijo, kwana uku a mako, don kada yara su manta karatu kafin iyayensu su dawo. Masu zuwa gona aka yi magana da iyayensu a masallaci bayan sallar isha'i, liman yana zaune. Zuwa Maris 2021 yara 61 sun dawo. Saura 33 ba su dawo ba, kuma daga cikin 'yan matan nan biyar, ɗaya ce kawai mahaifinta ya yarda ya ɗaga bikin.

2021 zuwa Maris 2022: ya kai intabiyu

A farkon 2021 ya shiga wani zauren WhatsApp inda waɗanda suka taɓa zuwa shirin suke duba wa masu nema rubutu kyauta. Aka haɗa shi da wata ma'aikaciyar lafiya 'yar jiharsu, wadda ta girme shi da 'yan shekaru. Ya tura mata amsoshinsa na baya da hoton allunan gilashi. Ba ta ce komai a kan allunan ba. Ta aiko da saƙon murya: "Malam, a duk abubuwan nan da ka lissafa, wanne ne da ba ka nan da ba a yi shi ba?" Ya kwana biyu bai amsa ba, sannan ya ɗauki hoton shafi uku na littafin ya tura mata. Ta ce, "To ƙanena, wannan za ka rubuta. Sauran ka bar su."

A nan aka ɗan sha wahala. Ya rubuta labarin sau da yawa yana dawowa da "ƙungiya ta yanke shawara", "muka ga ya dace". Ta tambaye shi wa ya sayi littafin, wa ya raba sunayen, wa ya je wurin hedimasta. Ya ce shi ne, amma Yaya, yabon kai jahilci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi a inda ake auna mutum da kawaicinsa, kuma ina ganin da yawa daga cikin masu nema daga wajenmu a nan suke faɗuwa ba tare da sun sani ba. Matsayar da suka cim ma ita ce, inda shi ya yi abu ya ce shi ya yi, inda wasu suka yi ya faɗi ko su nawa ne da abin da suka yi. Babu sifa ko ɗaya ta yabo, aiki kawai da rana da adadi.

A wannan shekarar ya yi darussan intanet na kyauta da YALI ke bayarwa, ya kuma samu shiga horon cibiyar YALI ta Yammacin Afirka, shi ma ta intanet. A lokacin cibiyar tana kwalejin GIMPA a Accra, tana ɗaukar masu shekara 18 zuwa 35, kuma Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin ƙasashenta.  Amfanin da ya ce ya samu a can shi ne an tilasta masa ya rubuta tsarin aiki a shafi guda, kuma ya yi magana da Turanci da mutanen da ba su jin Hausa.

An buɗe nema a Agusta 2021. Ya zaɓi fannin hidimar al'umma, ya rubuta da kansa, ya tura saura mako guda a rufe a Satumba. A farkon 2022 aka kira shi intabiyu.

Ya shirya ta hanyar hadda. Ya rubuta amsa 12 ya haddace su, tambaya ta farko kuwa ta faɗo daidai kan haddarsa. Ta biyu ce ta kauce. Ɗaya daga cikin masu tambayar ta duba takardarsa ta ce yara 61 sun dawo cikin 94, ina sauran 33? Bai shirya wannan ba, kuma ya ɗauka tarko ne. Ya ce ana nan ana ƙoƙari, ya koma kan haddarsa. Da aka tambaye shi abin da zai yi in ya dawo, ya ce zai kafa gidauniya da za ta mayar da yara makaranta a faɗin Arewa. Aka tambaye shi da wane kuɗi, ya ce masu ba da tallafi za su taimaka. A Maris 2022 sakamako ya zo, ba a ɗauke shi ba.

Afrilu 2022 zuwa Maris 2023: nema na huɗu

Abu uku ya yi kafin a sake buɗewa. Na farko, ya koma gidajen yaran nan 33 ya cike gurbinsu a littafi: 11 suna wata makaranta a garuruwan da iyayensu suka koma, 9 an tura su almajiranci, 'yan mata 4 an yi musu aure, sauran 9 suna gari ba sa zuwa ko'ina. Na biyu, duk Asabar da safe yana zama da wani malamin Turanci na sakandare, wanda zai jefo masa tambayar da bai sani ba, ya amsa a cikin minti biyu, su ɗauka a waya su saurara. Na uku, ya fara neman fasfo, inda wata matsala da bai taɓa lura da ita ba ta fito. A takardun makaranta sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, a katin NIN kuma sunan mahaifinsa ne, watan haihuwa ma ya bambanta. Sai da ya yi takardar rantsuwa a kotu ya nemi gyara, abin da ya ci wata da watanni.

Lokacin nema, tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba 2022, ya zo daidai da ambaliyar da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan karon ƙungiya ba ta jira a koma makaranta ba. Tun a Yuli sun karɓi lambar wayar iyaye da sunan dangin da kowane gida zai koma wurinsu in ruwa ya zo, sun kuma nemi alƙawarin zaure 3 a kan tudu da masu koyarwa 8. Malamin ya rubuta amsoshinsa a takarda da daddare, yana kwana a aji tare da waɗanda ruwa ya kora, ya hau babur zuwa garin da ke da sabis ya tura, saura kwana 4.

A rubutun ya faɗi yara 33 ɗin da kansa, kafin a tambaye shi. Shirinsa na dawowa ya rage shi zuwa makarantu 5 na gundumarsu da ruwa ke ci duk shekara, da littafi irin nasa a kowace, da amincewar sakataren ilimi wadda ya riga ya samu a rubuce.

Zuwa Disamba 2022, cikin yara 71 da ba su dawo da farko ba bayan wannan ambaliyar, 58 sun koma aji. Da wannan adadin ya shiga intabiyu a farkon 2023. An tambaye shi abin da ya gagare shi, ya ba da labarin 'yan matan. Ya ce a 2020 sun je wa iyaye da maganar bayan an riga an karɓi sadaki, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga uba, shi ya sa yanzu matan ƙungiya suke fara magana da iyaye mata tun yarinya tana aji 5. Turancinsa bai fi na bara sosai ba, ya ma nemi a maimaita masa wata tambaya.

Fasfon ya fito a Fabrairu 2023, tsakiyar ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, sai da ya kwana biyu yana neman tsabar kuɗin mota kafin ya je ya karɓo. A Maris imel ya zo cewa an ɗauke shi.

Yuni 2023 da abin da ya biyo baya

Ya je Abuja aka ba shi bizar J-1, wadda ake ba masu shirye-shiryen musaya. Tafiyar ta faɗo cikin zango na uku, don haka sai da ya nemi izinin barin aiki, sakataren ilimi kuwa ya sa hannu ba tare da jan rai ba. Yana cikin mutum 700 da aka rarraba a cibiyoyin ilimi 28 a wannan shekarar. Ya yi makonninsa shida, ya halarci taron rufewa a Washington, ya dawo a Agusta ana tsakiyar damina.

Daga cikin makarantu biyar da ya yi alƙawari, uku sun karɓi tsarin littafin kafin ƙarshen 2023. A biyun, hedimastocin sun ce ba su da masu bi gida-gida. A ƙungiya kuma an ɗan samu tsami. Wasu suka ce da guminsu ya hau jirgi, magana ta kai gaban mai unguwa. Abin da aka tsayar shi ne, duk aikin da za a yi nan gaba a rubuta sunan wanda ya jagorance shi a littafi, kuma kowane mamba yana da damar ɗaukar hoton shafukan ya yi nema da su.

Me ya gaza, me ya yi aiki

Nema na farko da na biyu ciwo ɗaya ne ya kashe su, ko da yake kamanninsu sun bambanta. Mai karanta fom bai san garin ba, bai san malamin ba, ba zai kuma tambayi mai unguwa ba. Abin da ke gabansa 'yan layuka ne, a cikin tarin dubban takardu. Muƙami 9 ba su gaya masa ko mutum ya taɓa warware wata matsala ba, allon gilashi ma haka, domin bai san wa ya bayar ba balle a kan me. Turancin haya kuwa ya goge ɗan abin da ya rage na mutumin a cikin takardar. Kuɗin da suka tafi a 2019, naira 140,000 in an haɗa, ba su matsar da shi ko taki ɗaya ba. Zancen sai mai hanya kuma lamarin nan bai goyi bayansa ba: a karo na huɗu ba shi da kowa face mai duba masa rubutu kyauta, kuma takardarsa ta NCE ce dai har yanzu.

Abin da ya kai shi intabiyu shi ne littafin. Ƙungiyar ta yi shekaru tana yashe magudanai da ba da jini, ayyuka na gaske, amma da yake ba a rubuta su a lokacin ba, babu yadda za a yi a faɗe su da rana da adadi daga baya ba tare da ƙage ba. Aikin yaran ne kaɗai aka rubuta tun ranar da aka fara, kuma an rubuta shi ne don sakataren ilimi, ba don Amurka ba. Ina ganin wannan ne ya sa ya yi ƙarfi: har da gurbin abin da bai yiwu ba a ciki, wanda mai rubutu don burgewa zai tsallake.

Abin da ya raba intabiyu na farko da na biyu ba Turanci ba ne. A na farko ya ɓoye yara 33, ya kuma yi alƙawarin da ya fi ƙarfinsa. A na biyu ya san inda kowane ɗayansu yake, ya faɗi abin da aka canza saboda su, ya yi alƙawarin makaranta biyar. Zaman Asabar ya taimaka ne ta wajen raba shi da hadda. Gyaran takardu kuwa bai ƙara masa maki ba, amma da ya bari sai Maris kafin ya fara, da wuya fasfo ya riski biza.

Akwai kuma rabon da ba za a jingina wa kowace dabara ba. Gurbi 700 ne a lokacin ga ƙasashe kusan 50, kuma ambaliyar 2022 ta ba shi damar gwada tsarinsa karo na biyu daidai lokacin da yake buƙatar hujja, abin da ba shi ya shirya ba. A Satumba 2023 wata mambar ƙungiyar, wadda ita ta jagoranci maganar da iyaye mata, ta nema da shafukanta na littafin, ta rubuta da kanta, shi kuma ya duba mata. An kira ta intabiyu a farkon 2024, ba a ɗauke ta ba.